Wa ya kalli What Dreams May Come bayan ya yi rashi?

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina fita takaba ƙanena ya turo min wannan fim a waya, wai ya ɗebe min kewa. Na 1998 ne, Robin Williams ya fito a wani likita, Chris, da mota ta kashe shekara huɗu bayan 'ya'yansa biyu sun rasu, su ma a hatsarin mota. Sai ya farka a wata aljanna da aka yi da zanen matarsa, fentin ko bushewa bai yi ba, in ya damƙi fure sai launin ya dame masa a hannu. Nan na kife wayar. Hular maigidana tana nan a ƙusar bayan ƙofa, na kasa sauke ta. Akwai wanda ya kalla cikin irin halin nan?

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, ya raya marayu. Ni na kalla shekarar da matata ta rasu wajen haihuwa. Inda ya tsaya min a rai shi ne da Annie, matar Chris, ta kashe kanta, Chris ya bar aljannarsa ya gangara wuta nemanta, yana taka fuskokin mutane da suka cika ƙasa kamar daɓe. Na san ba haka abin yake ba, wanda ya shiga barzahu ba ya zuwa ɗauko wani. Amma daren barci ya ƙi zuwa, na tashi na yi alwala, ina mata addu'a har aka kira assalatu.

Malamar Asibiti:
Ni kam haushi na ji. Ƙarshen ma, wai sun zaɓi a sake haifarsu su haɗu suna yara, wannan sai su. Abin da ya fi cin raina, ni na kunna wa yayata, wata biyu da rasuwar ɗanta, ban san da mutuwar yara aka fara ba. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki mayafinta ta shige ɗaki. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Maman 'Yan Biyu:
Amin, na gode. Malama, ai ba da gangan kika yi ba, Allah ya ba Yaya haƙuri. Ni dai ban koma kansa ba tukuna. Shekaranjiya na yi mafarkin maigidan, babu fure babu komai, yana tsaye a tsakar gida yana tambayata ina na ajiye masa cajar waya.