Abin da aka faɗa kan Linux, a taƙaice

'Yan uwa na Gusau, ga abin da na tattaro daga ra'ayoyin mutane kan sauyawa daga Windows zuwa Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi:

1. Kusan kowa ya yarda Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ya fi sauƙi ga sabon shiga, yana kuma farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, musamman tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.
2. Tsaro: yawancin cutukan da filashi ke kwasowa daga shagunan buga takardu ba sa kama shi. Amma a riƙa sabuntawa, ko da data ta yi tsada.
3. Kan sirri aka rabu. Wasu sun ce buɗaɗɗiyar manhaja irin Linux, wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta, tana da wuyar ɓoye leƙen asiri. Wasu suka ce ina amfanin hakan ga mai wuni a Facebook? Gaskiya maganar waɗannan na biyun ta shige ni.
4. Masu aiki da manhajar zane ta CorelDRAW sun ƙi sauyawa, Inkscape, madadinta a Linux, bai gamsar da su ba.