Asirin da ke ci a rai: a rufe ko a faɗa?

Bayan sujadar Lahadi a wata majami'a a Tawa, 'yan'uwa sun tattauna wannan batu. Yawancinsu sun tsaya kan Karin Magana 11:13, inda aka bambanta mai tsegumi da amintacce. Wanda ya tuba ya gaya maka laifinsa na da, amana ya ba ka. Yaɗa shi da sunan "a sa shi cikin addu'a" gulma ce, kuma mu duka mun san yadda ake yi.

Amma wata dattijuwa ta ce akwai shirun da yake zunubi. Mai ciwon sida yana shirin aure bai gaya wa yarinyar ba, ka sani ka yi gum? A nan aka kawo Matiyu 18:15-17: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ji ka zo da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya.

In lalata ake yi da yaro kuwa, fasto ya ce babu jira, a kai maganar wurin jandarma. Wanda aka cuta, kada a matsa masa ya ba da labari gaban jama'a.