Abin duniya ya samu, kwanciyar hankali ta ƙi: ta ina ake farawa?

Baƙon Zaure:
Assalamu alaikum. Mutum ne da rufin asirinsa, ga aiki, ga mota, ba mai binsa bashi. Amma duk abin da ya saya, wata biyu ya ishe shi ya fita daga ransa, ido ya koma kan na gaba. Kowa cewa yake a yi wadatar zuci. Yaya ake yin ta a aikace? Matakai nake nema.

Malamin Asuba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haka zuciya take, tana sabawa da ni'ima har ta daina ganin ta. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca. Farin cikinsu bai ɗara na mutanen yankinsu da wani abin kirki ba, har ma sun rage jin daɗin ƙananan abubuwa irin karin kumallo da hira da aboki. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya riga ya faɗa: wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce.

Ka fara da abu biyu. Duk abin da ba lalura ba, rubuta shi da farashinsa da kwanan wata, ka bar shi kwana 30. Wanda har lokacin kake buƙata, saya. Sannan ka toshe ƙofar da kwaɗayin ke shigowa. An ce mu dubi na ƙasa da mu, amma waya kullum na sama take nuna mana: sabuwar mota, lefe akwati goma sha biyu, hoton Dubai. Ka rufe status ɗin masu irin wannan a WhatsApp, ba sai kun ɓata ba.

Uwar Gida:
Malam ya yi maganar ragewa, amma gurbin da aka bari sai an cike shi. Binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938 ya bi rayuwar maza 724 shekaru da dama, kuma abin da ya fi nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da walwala shi ne kyawun dangantakarsa da mutane. Mu dai mun san zumunta a ƙafa take.

Ƙanena, rubuta sunan mutum biyar: gwaggo, tsohon malaminka, abokin da ya kwanta ciwo. Kowace Juma'a bayan masallaci ka je wajen ɗaya, ka zauna rabin awa a kan tabarmarsa, waya na aljihu. Goro ko sabulu ya isa. Inda ake kuskure shi ne zuwa da ambulan mai kauri ranar farko. Daga nan ziyara ta zama ta kuɗi, ran da babu sai kunya ta hana ka zuwa, su kuma su ce ka yi girman kai.

Sadaka ma haka. Ware abin da ba za ka fasa ba, ko kashi 2 cikin 100 na albashi ne, ka ɗora shi kan buƙata ɗaya da ka sani, kamar kuɗin makarantar maraya guda. Ka biya makarantar kai tsaye, kada yaron ya san kai ne, don gori ba ya jin wuyar shigowa.

Ɗan Asibiti:
Hajiya, a ƙara da wannan. Shawarwarin nan na wanda ci da sha da haya suka daidaita ne. Mai bashi a wuya ya fara da tsarin biya, kada a ce masa rashin godiya ke hana shi barci.

Kuma a bambance gundura da ciwon damuwa. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci sun rikice, likita zai gani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In har tunanin kashe kai ya shigo, ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.