Wane suna ya dace da bututun da ke sanyaya iska a ƙarƙashin ƙasa?

Ina so mu tsayar da sunan Hausa ga abin da ake kira "earth tube" da Turanci, wanda Faransawa suke ce wa rijiyar Kanada. Bututu ne da ake binnewa a zurfin mita 1.5 zuwa 3, tsawonsa kan kai mita 30 zuwa 50, fanka tana jawo iskar waje ta cikinsa kafin ta shiga gida. A wannan zurfi ƙasa ba ta bin zafin rana, tana tsayawa kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin, saboda haka lokacin bazara takan shanye zafin iskar da ke ratsawa.

Wani zai ce "rijiyar iska", amma rijiya a tsaye take, shi kuwa wannan a kwance yake, ga shi kuma mai sauraro na iya zaton rijiya ce mai iskoki. "Bututun ƙasa" ya yi faɗi, domin na ruwa da na man fetur ma a ƙasa suke.

Wanda ya fi daɗin ji shi ne "randar iska", kuma shi na fi ƙi. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tsatsafar da ke bushewa a jikinta, alhali a nan danshi abin gudu ne. Idan iska mai laima ta taɓa jikin bututu mai sanyi, raɓa takan kwanta a ciki, shi ya sa ake shimfiɗa shi da gangara ta kusan kashi 2 cikin 100 zuwa ramin da ruwan zai taru, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, mutanen gida su shaƙa. Ana kuma liƙe mahaɗunsa sosai don kada radon, wata iska mai cutar da lafiya da ke fitowa daga cikin ƙasa, ta kutsa. Sunan da zai sa magini ya ɗauka jiƙa ake so bai dace ba.

Na karkata ga "bututun sanyin ƙasa", sai dai a ƙasashen da ake tsananin hunturu ɗumama iska yake yi a lokacin sanyi, sunan kuwa ya bar wannan rabin aikin. Don haka shawarata ita ce "binnannen bututun iska", jam'insa "binnannun bututan iska", a riƙa ƙara "na sanyaya gida" idan bazara ake magana.