Sojan littafi da sojan gidanmu

'Yar Gwammaja: Salam 'yan uwa, jiya na ƙarasa wani littafi a waya, jarumin kyaftin ne ya shekara biyu a Sambisa amma wallahi shafi biyu kacal aka ba dajin sai ga kamu da dina, abin ya tsaya min a rai shi ne na ce wa marubuciyar:

Kin jera masa taurari uku kan kaki,
Kin ba shi miskilanci da kuɗi a banki,
Ya baro daji kin wuce da shi gun biki,
Kin ɓoye mana yadda yake yin barci.

Ɗan Fagge: Yaya kin fama min ciwo. Yayanmu yana cikin Ekomog, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da aka kai Laberiya a 1990.

Yaya ya dawo da ƙafa da hannu,
Layi ya cika ana ta yi masa sannu,
Taya ta fashe a titi muna zaunenmu,
Ya kife ƙasa yana rawar jiki gabanmu,
Dare in ya raba sai ya kira sunansu,
Abokan da ya binne, yana ta lissafa su.

Shekaru muna cewa iska ce, ruƙiyya ba irin wadda ba a yi ba, sai daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa a Dawanau ya ce ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga tashin hankali kuma ana maganinsa.

Maman Hanif: Ni marubuciya ce, ku ji ta bakinmu don Allah.

Na taɓa sa sojana kuka kan sallaya,
Ya kasa cin nama, ƙauri ke sa shi juya baya,
Masu karatu suka ce ina soyayya,
Kin mai da gwarzo majinyaci, Hajiya,
Na goge babin, har yau ina jin kunya.

Baba na Ƙofar Mata: 'Yata ba ke kika fara ba. Mahaifina da shi aka yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo bayan an gama a 1945, ƙanina kuma ya yi na basasa daga 1967 har 1970.

Tsohon soja a wasan kwaikwayo abin dariya,
Lef-rai yake yi, yara na bin sa da shewa,
Mu da muka kwana ɗaki ɗaya mun jiya,
Baba bai taɓa ba mu labarin Bama ba ko ɗaya,
Ruwan sama in ya sauko da tsawa,
Zama yake har asuba yana zufa da makyarkyata.

Maman Hanif: Baba kun sa ni hawaye. Ɗan Fagge,

In na dawo da babin nan da na goge,
Me zan sa ciki wanda ido bai hange?

Ɗan Fagge: Anti ki sa matarsa, ita ta ɗauki rabin kayan.

Ki sa ta tana tafiya a hankali kan tabarma,
Ba ta tashinsa da taɓi, daga nesa take sallama,
Ki sa shi a zaure bayansa jingine da bango,
Idonsa kan ƙofa, shayinsa ya huce tun ɗazu a kofi.

Haka na baro Yayanmu yau da safe kafin in fito kasuwar Kwari.