Wa ke riƙe da wa a majalisar Birtaniya: Firaminista ko 'yan jam'iyyarsa?

Ɗan Zariya: Jama'a, ku taimaka min. Ana cewa Firaminista ne ke juya majalisar wakilai, amma 'yan jam'iyyar Firaminista Boris Johnson, wato Conservative, ne suka fitar da shi a 2022. To ƙarfin yana hannun wa?

Malamin Tsarin Mulki: Ɗan'uwa, fara daga lissafi. Kujeru 650 ne, wanda ke da 326 shi ke kafa gwamnati. Ministoci duk 'yan majalisa ne, kuma dole su zaɓi abin da gwamnati ta kawo. Wanda bai yarda ba sai ya ajiye muƙami, kamar yadda minista Robin Cook ya yi a 2003 kan yaƙin Iraƙi. Ka ga tun kafin a fara muhawara gwamnati na da ƙuri'a sama da 100 a aljihu.

Sauran 'yan majalisar kuwa aikin bulaliyar jam'iyya ne, wato masu tabbatar da cewa kowa ya bi umarnin jam'iyya. Duk mako ana aika musu takardar ayyukan majalisa, kowane batu an ja masa layi. Layi ɗaya, in ka ga dama. Layi uku, dole ka zo ka bi jam'iyya. In ka bijire ana iya dakatar da kai, kuma in zaɓe ya zo kana a haka, ba za ka tsaya da tutarsu ba. Haka Johnson ya yi wa mutum 21 a Satumban 2019, har da tsofaffin ministocin kuɗi Ken Clarke da Philip Hammond.

Hajiya Mai Sharhi: Malam, a ƙara da ɗaya ɓangaren. Bulalar tana aiki ne muddin suna ganin shugaban zai ci musu zaɓe. A wancan lokacin dokar Kwamitin 1922, wato kwamitin 'yan majalisar Conservative marasa muƙami, ita ce, in kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyar sun rubuta wasiƙa, a kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa a asirce. Johnson ya tsira a Yunin 2022 da 211 kan 148, amma bayan wata guda sama da 50 daga cikin masu muƙamai suka yi murabus, ya rasa waɗanda zai naɗa.

Baba Tsoho: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma girman rinjaye ne ke nuna iyakar bulalar. 'Yan jam'iyyarsa ta Leba 139 sun bijire wa Firaminista Tony Blair kan Iraƙi, amma ya yi nasara. Firaminista Theresa May kuwa ba ta da rinjaye na kanta, kuma yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai ta faɗi da ratar ƙuri'a 230 a Janairun 2019.