Batirin ruwa ko litiyom? Firiza ɗaya gare ni

Maman Hanan: Assalamu alaikum. Zoɓo da ƙanƙara nake sayarwa a Anguwan Rogo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ke cinye ribata. Na kwashi adashi, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Firiza ɗaya ce da ƙwan fitila huɗu. Wutar sola nake son haɗawa. In sayi batirin ruwa biyu, ko in daure in ƙara tari in sayi litiyom?

Ɗan Rikkos: Hajiya ki sa inbata (na'urar da ke juya cajin batiri zuwa wutar gida) mai ƙarfin 5kVA kawai, har na'urar sanyaya ɗaki za ta ja.

Maman Hanan: Na'urar sanyaya ɗaki? A Jos?

Baban Khalifa: 'Yar'uwa, ba batiri ne abin tsoro ba, mai haɗawa ne. Nawa ya kawo batura huɗu suna ƙyalli, ashe tsofaffi ne aka goge aka manna musu sabuwar takarda. Wata biyar, kafin sallar isha'i sai ƙii-ƙii, ɗif. Bai kuma binne ƙarfen kariyar tsawa ba. Ruwan Agusta ya zo, tsawa ɗaya, inbata ta yi baƙi, ƙaurin har ɗakin yara. Na je shagonsa na tarar ana sayar da shinkafa. Allah ya isa.

Injiniya: Litiyom ya fi. Na ruwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, ga ɗura ruwan batiri. Litiyom mai ɗaukar cajin 5kWh ana samu dubu ɗari tara.

Ɗan Rikkos: Ina? Makon jiya aka ce min miliyan ɗaya da rabi.

Baban Khalifa: Injiniya, ba kai ma sayarwa kake yi ba? Mai shago ba ya kushe hajarsa. A bar waɗanda aka ƙona su yi magana.

Injiniya: Wanda aka damfara sau ɗaya ya zama malami kenan?

Mai Shayi: Hajiya jira Disamba, ki shanya zoɓon a tsakar gida, da asuba ki kwashi ƙanƙara kyauta.

Goggon Bukuru: Ku dai ku riƙa goge farantin sola da hunturu, ƙura na rage caji. Ni takaicina daban ne. Shekara guda ina kan sola, amma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba, ga shi ba mita.

Mai Shayi: Mu kuma taransifoma ta ƙone, an ce kowane gida dubu biyar.

Goggon Bukuru: Har da masu sola?

Mai Shayi: Su aka fara bi, wai su ne masu kuɗi.

Maman Hanan: Jama'a, firizata fa?